Idan Mai Kawo Kaya Ya Sauya: Yadda Ake Tafiyar da Canji a Masana'antar Kayan Asibiti

A watan Janairun 2020 kamfanin Cardinal Health na Amurka ya janye rigunan tiyata kimanin miliyan 9.1 daga kasuwa, har wasu asibitoci suka ɗage ayyukan da ba na gaggawa ba. Yadin bai canza ba, ɗinkin ma yana nan yadda yake. Abin da ya faru shi ne kamfanin da aka ba kwangilar ɗinkin a China, Siyang Holymed, ya kwashe wani ɓangare na aikin ya kai wuraren da ba a amince da su ba, inda babu mai iya rantsuwa a kan tsabtar ɗakin. Sunan da ke jikin kwali na Cardinal ne, don haka shi hukuma ta riƙe, shi kuma ya ɗauki asarar.

Wannan ita ce ƙa'idar da duk mai ƙera kayan asibiti zai fara haddacewa. Kana iya ba wani aikin, amma alhakin yana wuyanka. Ko sirinji kake yi, ko robar ƙarin ruwa, ko na'urar auna sukari, lasisin da ke hannunka an ba ka shi ne a kan wani takamaiman kaya, da aka yi da takamaiman sinadari, a takamaiman wuri, ta takamaimiyar hanya. Duk ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya motsa, sai ka iya nuna cewa kayan da ke fita yau daidai suke da waɗanda aka amince da su jiya, ko kuma ka koma wurin hukuma.

Zan bi matakan da misali guda, don magana ta zauna: a ce masana'antarku tana haɗa robar ƙarin ruwa, sai kamfanin da ke sayar muku da ƙwayoyin robar PVC ya aiko cewa zai daina yin samfurin da kuke saye nan da wata tara.

Mataki na farko: ka shirya yadda labarin canji zai iso gare ka

Canjin da ka ƙirƙira da kanka mai sauƙi ne, domin ka san da shi. Mai haɗarin shi ne wanda mai kawo kaya ya yi shiru ya aiwatar: ya sauya inda yake sayen nasa ɗanyen kayan, ya sabunta mazubi, ya ƙaura da injin zuwa wani gari, ko ya ɗan taɓa haɗin sinadari don rage kuɗi. A wurinsa ƙaramin gyara ne. Shi bai san robarsa jijiyar jariri za ta shiga ba.

Shi ya sa ma'aunin ISO 13485 na 2016, wato ma'aunin tsarin inganci na masu ƙera kayan asibiti, a sashe na 7.4.2, ya nemi a samu rubutacciyar yarjejeniya cewa mai kawo kaya zai sanar da kai kafin ya aiwatar da duk wani canji da zai iya shafar kayan da yake sayar maka. Kalmar da ke da nauyi a nan ita ce kafin. Sashe na 4.1.5 kuma ya nemi rubutacciyar yarjejeniyar inganci da duk wanda ka ba wani ɓangare na aikinka.

Kada ka tsaya a jimla ɗaya mai cewa za su sanar da ku duk wani babban canji. Idan ka bar masa hukuncin abin da ke babba da abin da ke ƙarami, komai ƙarami zai zama. Ka lissafa masa da suna: haɗin sinadari, tushen ɗanyen kaya, wurin aiki, injin ko mazubi, hanyar gwaji, marufi, sauyin mai kamfani, da miƙa aikin ga wani ɗan kwangila na ƙasa da shi. Ka rubuta tsawon wa'adin sanarwa. Ga kayan da ke taɓa jikin majiyyaci ni ba na son abin da ya gaza wata shida, idan da hali shekara. Ka sa masa sharaɗin cewa kana da damar sayen tsohon samfurin karo na ƙarshe kafin a rufe shi, da damar shiga masana'antarsa kai da masu bincike na hukuma.

Akwai gaskiyar da ba a cika faɗa ba. Idan kai ƙaramin kamfani ne mai sayen tan biyu a shekara daga katafaren kamfanin roba, ba zai sa hannu a takardarka ba, ko amsa wasiƙar ma da ƙyar. A nan sai ka rufe giɓin da naka ƙarfin: ka yi rajista a jerin waɗanda yake aika wa sanarwar canji, ka tsananta gwajin kaya a ƙofar shigowa, ka rubuta a fayil cewa ka nema an ƙi, ga kuma abin da ka yi a madadin haka. Odita, wato mai binciken tsarin inganci, yana karɓar wannan. Abin da ba ya karɓa shi ne shiru.

Sannan ka duba inda sanarwar ke sauka. Sau da yawa tana zuwa ne akwatin imel na jami'in saye, a tsakiyar rasitai da takardun farashi, ta kwana wata uku ba wanda ya buɗe. Ka ware adireshi ɗaya don wannan, wanda sashen inganci ke gani kullum.

Mataki na biyu: buɗe takardar canji, ka tsayar da kowa

Da zarar labari ya zo, a buɗe takardar neman canji mai lamba. A rubuta yadda abin yake yanzu, yadda zai koma, dalili, da duk kayayyakin da abin ya shafa, da ƙasashen da ake sayar da su. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi, alhali shi ke nuna hukumomi nawa za ku fuskanta.

Masu sa hannu su ne inganci, injiniyoyin zane, masu samarwa, sashen saye da mai kula da harkokin hukuma. Idan canjin zai iya taɓa yadda ake amfani da kayan a gadon asibiti, a nemi likita ko ma'aikaciyar jinya su ma su ce wani abu. Har sai an kammala, sabon kaya ba ya hawa layi. Idan samfurin gwaji ya iso, a killace shi da jan tambari a wani keɓaɓɓen wuri.

A nan ne rigima ke tashi. Na taɓa zama a wani taro inda jami'in saye ya ɗaga takardun kamfanoni biyu ya ce, "Injiniya, duba da kanka, abu ɗaya ne. Kauri ɗaya, tauri ɗaya, wannan ma ya fi araha. Don Allah kada ka tsayar mana da aiki." Mai kamfanin ya juyo yana jiran amsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako biyu da buhu ɗaya." Da muka haɗa robar da mahaɗinta da ruwan manne irin wanda muka saba, muka sa a injin ja, sai ga wasu suna zamewa tun kafin su kai ƙarfin da tsohuwar robar ke jurewa ba tare da ta motsa ba. Takardun ba su yi ƙarya ba. Kawai dai babu layin da ya yi maganar yadda robar ke karɓar manne, domin ba wanda ya taɓa tunanin rubuta shi.

Mataki na uku: auna abin da canjin zai iya taɓawa

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata a ɓata lokaci. Ka ɗauko fayil ɗin haɗari na kayan, wanda aka gina bisa ISO 14971, ma'aunin kula da haɗarin kayan asibiti, ka bi shi layi-layi kana tambaya: wannan canjin ya kawo sabon haɗari? Ya ƙara wa tsohon haɗari nauyi? Ya raunana wani matakin kariya da muka dogara da shi?

Ga robarmu ta ƙarin ruwa tambayoyin suna da yawa. Sabon PVC da wane sinadarin laushi aka haɗa shi? Idan tsohon yana da DEHP sabon kuma babu, ko akasin haka, wannan canjin sinadari ne kai tsaye, ko da lambar kaurin ba ta motsa ba. Dokar kayan asibiti ta Turai, wato MDR, tana neman hujja ta musamman idan irin waɗannan sinadarai masu illa ga haihuwa suka wuce kashi 0.1 cikin ɗari na nauyi a kayan da ke kai ruwa ko magani cikin jiki, kuma sai an rubuta a jikin marufi. Me zai iya tsatsafowa daga robar ya shiga ruwan da ke bi ta ciki? Wannan tambayar ISO 10993 ce, ma'aunin gwajin tasirin kaya a jikin mutum. Robar tana lanƙwashewa ta toshe idan majiyyaci ya juya hannu? Tana jure matsar injin tura ruwa na awanni? Bayan an kashe ƙwayoyin cuta da gas ɗin ethylene oxide, tana sakin ragowar gas ɗin da sauri kamar tsohuwar, ko tana riƙe shi? Bayan shekara uku a sito mai zafi fa?

Kada ka manta da kayan wasu kamfanoni da naka ke aiki tare da su. A 2023 Cardinal Health ya fara rarraba sirinjin Monoject da wani sabon ɗan kwangila ya ƙera. Sunan yana nan, amma girman jikin sirinjin ya ɗan bambanta da na da. Ga mai yin allura da hannu, babu abin da zai lura da shi. Injin tura magani kuwa da faɗin sirinji yake lissafi, don haka aka shiga haɗarin ba da magani fiye da ƙima ko ƙasa da ƙima, da jinkirin ƙararrawa idan layi ya toshe. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanya janyewar a rukuni na ɗaya, wato mafi tsanani. Bambancin da ido ba ya gani ne ya jawo wannan.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne tarin ƙananan canje-canje. Bara kun sauya manne, kuka ce ƙarami ne. Bana kun sauya marufi, shi ma ƙarami. Yanzu ga roba. Kowanne shi kaɗai bai kai a je hukuma ba, amma idan ka ajiye kayan yau kusa da wanda aka yi wa rajista, sai ka ga sun zama 'yan uwa na nesa. Jagorar FDA ta Oktoban 2017 ta fito fili a kan wannan: ana kwatanta kayan da aka canza ne da wanda hukuma ta amince da shi a ƙarshe, tare da duk canje-canjen da suka taru tun daga lokacin.

Mataki na huɗu: tantance sabon mai kawo kaya

Zurfin tantancewa ya danganta da haɗarin abin da zai kawo. Mai kawo kwalin waje, takardar tambayoyi da samfuri sun isa. Mai kawo robar da ruwa ke bi, ko mai kashe muku ƙwayoyin cuta, sai an je an gani, domin gani ya kori ji.

Satifiket ɗin ISO 13485 da ya aiko, ka karanta shi har ƙasa. Wane adireshi ke jiki? Wane aiki ya ƙunsa? An sha ganin satifiket na gaske amma na wata masana'antar kamfanin ce daban, ko kuma na rarraba kaya ne kawai ba na ƙerawa ba. Ka tuntuɓi kamfanin da ya bayar da shi ka tabbatar yana raye.

Idan ka je, kada ka ƙare ranarka a ɗakin taro ana nuna maka hotuna. Ka shiga sito ka karanta sunayen da ke jikin buhuna da ganguna. Ka ɗauki zubi ɗaya da aka gama, wato rukunin kayan da aka ƙera tare, ka ce a bi maka shi baya har zuwa ɗanyen kayan da aka yi shi da su. Sannan ka yi lissafin da 'yan kasuwa suka iya: injuna nawa ne, nawa kowanne ke fitarwa a rana, nawa suke cewa suna sayarwa? Idan abin da ke fita ya fi ƙarfin injunan da ka gani, to akwai wani wurin da ba a nuna maka ba. Haka idan ɗanyen kayan da aka amince da shi da suka saya bai kai yawan kayan da suka ƙera ba. Da irin wannan giɓin kamfanin PIP na Faransa ya yi shekaru yana cika robar ƙarin nono da silikon na masana'antu maimakon wanda aka amince da shi, yana ɓoyewa duk lokacin da masu bincike suka sanar da zuwansu, har hukumar Faransa ta dakatar da kayan a Maris 2010. Kotu a Marseille ta yanke wa mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ɗaurin shekara huɗu a Disambar 2013. Tun daga wannan badaƙala Turai ta ƙarfafa binciken ba-zata, wanda ke iya kaiwa har masana'antar muhimmin mai kawo maka kaya.

Sai an gama wannan, an sa hannu a yarjejeniyar inganci, sannan sunansa ya shiga jerin amintattun masu kawo kaya.

Mataki na biyar: gwaji

A rubuta tsarin gwaji da ma'aunin cin jarrabawa, a sa hannu, kafin a taɓa samfuri ko ɗaya. Wanda ya ga sakamako sannan ya rubuta ma'auni, kansa ya yaudara. Yawan samfurin da za a gwada ma sai da dalilin lissafi da ke da alaƙa da girman haɗari. Al'adar zubi uku ta shahara, amma ka tabbatar zubi ukun daban-daban ne na gaske daga mai kawo kayan, ba buhu ɗaya aka raba uku ba.

Idan canjin ya taɓa aikin da ba a iya tabbatar da sakamakonsa ta hanyar duba kowane kaya, kamar manne, walda, liƙe marufi ko zuba roba a mazubi, sashe na 7.5.6 na ISO 13485 yana neman a sake tabbatar da aikin. Matakai uku ne da aka sani da IQ, OQ da PQ: an girka injin daidai, yana ba da kaya mai kyau a iyakar sama da iyakar ƙasa ta saitinsa, kuma yana maimaita haka a aikin yau da kullum da ma'aikata na gaske. Idan ƙaura kuka yi zuwa sabon gini, duka ukun za a sake, har da tantance ɗaki mai tsabta, iska da ruwa. Injin da aka kwance aka ɗora a mota aka sake ɗaurawa, a idon doka sai ya sake cin jarrabawa.

Kashe ƙwayoyin cuta shi ya fi cin lokaci. Na gas yana ƙarƙashin ISO 11135, na haske mai ratsa kaya ISO 11137, na tururi ISO 17665, kuma abin da ake nema shi ne yiwuwar samun ƙwayar cuta mai rai kada ta wuce ɗaya cikin miliyan. Sabon ɗanyen kaya ko sabon wurin aiki na iya zuwa da yawan ƙwayoyin cuta daban da na da, don haka a sake aunawa. Wanda ke da wurin kashe ƙwayoyin cuta guda ɗaya tilo ya tuna da Fabrairun 2019, lokacin da hukumar muhalli ta jihar Illinois ta rufe masana'antar Sterigenics da ke Willowbrook saboda hayaƙin ethylene oxide. Cikin makonni aka shiga ƙarancin bututun numfashi na Bivona da ake sa wa yara a maƙogwaro. Kusan rabin kayan asibiti marasa ƙwayoyin cuta a Amurka da wannan gas ake yi musu aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya, wuri na biyu tun ana zaune lafiya ake tantance shi.

Marufi yana da nasa ma'aunin, ISO 11607. Wa'adin lalacewa kuma ana iya fara kafa shi da gwajin tsufa na gaggawa a ɗaki mai zafi, amma dole a ajiye wasu samfuran su tsufa a ainihin lokaci. Wani lokaci mai kawo kayan yana ɗauke maka rabin nauyin. Da DuPont ya tashi mayar da takardar marufi ta Tyvek 1073B da 1059B kan sababbin injuna, ya yi shekaru yana gwaji tare da masu ƙera kayan asibiti, har FDA ta amince a 2015 cewa sabuwar da tsohuwar aikinsu ɗaya. Duk da haka kowane kamfani sai da ya rubuta nasa nazarin a kan nasa kayan.

Mataki na shida: wace hukuma za a gaya wa, kuma yaushe

Na sa shi na shida ne don tsari, amma tun ranar da aka buɗe takardar canji ake fara wannan tunani, domin shi ke yanke tsawon lokacin da komai zai ɗauka.

A Amurka hanya ta rabu biyu. Kayan da suka shiga kasuwa ta 510(k), wato takardar da ke nuna wa FDA cewa kayan daidai suke da wasu da ke kasuwa, doka ta 21 CFR 807.81(a)(3) ta ce a shigar da sabuwar takarda idan canjin zai iya shafar aminci ko ingancin aikin kayan sosai, ko kuma an yi babban sauyi a abin da aka yi kayan dominsa. Ka lura, cewa aka yi zai iya. Ba a jiran sai ya shafa. Idan tun a nazari ka ga canjin na iya yin babban tasiri, kyakkyawan sakamakon gwaji ba ya ɗauke maka shigar da takarda. Gwaji yana tabbatar da hukuncin cewa ba a buƙata ne, idan kuma ya fito da abin da ba a zata ba, sai a sake hukuncin. Idan ka yanke cewa ba a buƙata, sai ka rubuta dalilanka dalla-dalla ka ajiye a fayil, ranar da mai bincike ya zo ita zai fara nema. Sauya mai kawo kaya kaɗai, alhali sinadari da ƙayyadaddun siffofi ba su canza ba, yawanci a fayil yake ƙarewa. Idan ana buƙatar takarda kuma hanyoyin gwajin sanannu ne, akwai 510(k) na musamman da FDA ke ƙoƙarin dubawa cikin kwana 30, maimakon 90 na gama-gari.

Kayan da ke da babban haɗari, masu izinin PMA, wato cikakken izinin FDA kafin shiga kasuwa, igiyarsu ta fi gajarta, ƙarƙashin 21 CFR 814.39. Canjin hanyar ƙerawa da ya shafi aminci ko inganci ana shigar da shi a sanarwar kwana 30, kuma FDA na iya mayar da ita ƙarin takarda ta kwana 135 idan bayanin bai gamsar ba. Babban canjin zane yana bin ta kwana 180. Ƙaura zuwa sabon wurin ƙerawa ko na kashe ƙwayoyin cuta yana da tasa takardar, wani lokaci har da ziyarar bincike kafin amincewa. Ƙananan da ba su taɓa aminci ba sai a rahoton shekara. Daga 2 ga Fabrairun 2026 kuma dokar inganci ta FDA ta koma QMSR, wadda ta ɗauko ISO 13485 na 2016 ta mai da shi ƙashin bayanta.

A Turai, ƙarƙashin MDR 2017/745 da ta fara aiki gadan-gadan a 26 ga Mayun 2021, abokin maganarka shi ne kamfanin tantancewa da ya ba ka satifiket. Rataye na tara na dokar, sashe na 2.4, ya ce ka sanar da shi shirin duk wani babban canji a tsarin inganci. Sashe na 4.10 ya ce canjin da zai iya shafar aminci ko aikin kayan da aka duba fayil ɗinsu sai ya amince tukuna. Sabon wurin aiki da sauya muhimmin ɗan kwangila suna cikin abubuwan da suke son ji tun kafin a yi. Kowane kamfanin tantancewa yana da fom ɗinsa da jerin abin da yake so a kawo masa, ka karanta kwangilarku.

Tarkon yana wurin kayan da har yanzu ke tafiya da tsohon satifiket na dokar da ta gabata. An tsawaita musu wa'adi zuwa ƙarshen 2027 ko 2028 gwargwadon rukuninsu, bisa sharaɗin kada a yi babban canji a zane ko manufar amfani. Takardar jagora ta Turai mai lamba MDCG 2020-3 ce ke bayyana abin da ake kira babba. Sabon mai kawo sinadari iri ɗaya da siffofi iri ɗaya yawanci ba ya ciki. Sauya hanyar kashe ƙwayoyin cuta kuwa, a ce daga gas zuwa haske, yana ciki, kuma yin sa na nufin kayan sun fita daga rangwamen sai sun sami cikakken satifiket na MDR. Haka kuma tun Janairun 2025, sashe na 10a na MDR ya wajabta sanar da hukuma aƙalla wata shida kafin katsewar kayan da rashinsu zai iya cutar da majiyyata.

A Najeriya rajistar NAFDAC ta shekara biyar ce, kuma tana ɗaure da sunan mai ƙerawa da adireshin masana'antar da aka rubuta. Wannan ya shafi 'yan kasuwarmu masu sa a ƙera musu safar hannu ko sirinji a China ko Indiya da sunan kamfaninsu. Idan ka bar masana'antar farko ka koma wata saboda farashi, lambar da ke hannunka ba ta bin ka can da kanta. Ka je wa hukumar da maganar a rubuce kafin kwantena ta taso, kada ka bari sai ta iso tashar Apapa takardu suna faɗin wani suna, kwali yana faɗin wani. Masu kayan gwajin cuta da ke cikin jerin Hukumar Lafiya ta Duniya, irin na zazzaɓin cizon sauro da na HIV, su ma akwai canje-canjen da dole su kai rahotonsu can.

Wahalar ita ce amsoshin ba sa zuwa tare. Wata ƙasar ta amince, wata tana kan dubawa. Ka yi jadawali na ƙasa-ƙasa, ka tabbatar sito ya san wane zubi ne ya halatta ya tafi ina.

Mataki na bakwai: ranar sauyawa

A tsayar da lambar zubin da sabon kaya zai fara, a rubuta. Kada a gauraya tsohuwar roba da sabuwa a zubi ɗaya, domin ranar da matsala ta taso ba za ka san wacce za ka janye ba, sai ka janye duka. A sabunta zane, jerin kayan haɗi, umarnin aiki, tsarin duba kaya a ƙofa, fayil ɗin haɗari da fayil ɗin fasaha. A duba ko rubutun marufi ko lambar UDI, wato lambar shaidar kayan, na buƙatar sauyi. A horar da ma'aikata, har da na aikin dare, a kwashe tsofaffin takardu daga bango. A yanke hukunci a kan ragowar tsohon kaya: a ƙarar da shi, a mayar, ko a lalata.

Lissafin sayen ƙarshe na tsohuwar roba ya ƙunshi lokacin gwaji, lokacin jiran hukuma mafi jinkiri, da ƙarin wasu watanni don gwajin da zai iya faɗuwa. Ka kuma duba wa'adin robar kanta, kada ka tara abin da zai lalace a sito.

Takardun duka a adana su. ISO 13485 ya ce tsawon rayuwar kayan, kuma kada ya gaza shekara biyu. MDR ta ce shekara 10 bayan kaya na ƙarshe ya shiga kasuwa, 15 ga abin da ake dasawa a jiki.

Mataki na takwas: sa ido, da abin yi idan an riga an yi maka canjin

Kada a rufe takardar canji ranar da zubin farko ya fita. A tsananta duba kayan sabon mai kawowa na zubi da dama, a ware ƙorafe-ƙorafen asibitoci gida biyu, na kafin canji da na bayansa, a riƙa kwatantawa. A sa ranar da za a zauna a duba, bayan wata uku ko shida, sannan a rufe.

Wata rana kuma a ƙofar sito za ka gane an yi maka canji: launin ƙwayoyin roba ya ɗan sauya, ko adireshin da ke takardar gwajin zubi ba wanda ka sani ba ne. Ka killace abin da ke hannu nan take. Ka nemi mai kawo kayan ya faɗa maka a rubuce ranar da ya fara da lambobin zubin da abin ya shafa, ka bi su ka ga nawa suka riga suka fita kasuwa. Ka yi nazarin mataki na uku a kansu da gaggawa, domin amsarsa ce za ta nuna ko akwai janyewa ko rahoto ga hukuma. Sannan ka buɗe takardar gyara a kan mai kawo kayan, ka ƙara yawan ziyara, wasu ba tare da sanarwa ba, kuma ka fara tantance wani a gefe. Cardinal da kansa ya bayyana cewa tun 2018 ya taɓa kama ɗan kwangilar rigunan tiyata, Siyang Holymed, yana kai aiki wurin da ba a tantance ba, aka yi gwaji aka ga kayan lafiya, aka ci gaba da hulɗa. A Disambar 2019 aka sake kama shi.